Ƙamusun Cambridge na intanet: yaya yake da kalmomin shakka na Turanci?

Bahaushe ba ya rasa bakin nuna shakka. Yana da wataƙila, yana da mai yiwuwa, da ga alama, da ina jin, da da wuya, da wai, ga kuma anya, wadda ita kaɗai takan rushe bayanin minti goma. Har a cikin nahawu akwai ta: in mutum ya ce maka “ma haɗu” maimakon “za mu haɗu”, ka san alkawarin bai ɗaure tamau ba. Amma da zarar an juya harshe zuwa Turanci, sai wannan dukiya duka ta tsuke ta koma “maybe” da “I’m not sure”, a amsar jarrabawa, a rahoton ofis, har a kundin kammala digiri. Wannan sharhi a kan Cambridge Dictionary ne, ƙamusun da ake shiga kyauta ta dictionary.cambridge.org, kuma a kan aiki guda aka auna shi: shin yana fitar da mai koyo daga wannan ƙunci?

Shafin na maɗaba’ar Jami’ar Cambridge ne ta Ingila. Tushensa ƙamusun masu koyo ne da aka fara bugawa a 1995, aka ɗora a intanet a 1999. Kalmar “masu koyo” ita ce abin lura a nan. An rubuta ma’anonin da Turanci mai sauƙi, an cika su da jimlolin misali, kuma an yi wa kalmomi da yawa lambar mataki daga A1 zuwa C2, wato daga ɗan koyo zuwa gwani. Irin su “maybe” da “perhaps” suna ƙasa a rukunin A, irin su “dubious” suna can sama a rukunin C. Wannan lamba tana da amfani fiye da yadda ake zato, domin tana gaya wa ɗalibin sakandare abin da ya wajaba ya riƙe tukuna, da abin da zai iya jira.

Inda ya fi ƙarfi shi ne nuna yadda ake ɗinka kalma cikin jimla. Ɗauki “doubt”. Da ka buga ta, shafin zai raba maka suna da aikatau, ya sa harafin C ko U don ka san ko ana ƙirga ta ko ba a ƙirgawa, sannan ya jero ƙirar da take shiga. “I have doubts about the plan” daidai ne, da “about”. “I doubt that he will come” daidai ne. “I doubt whether he will come” da “I doubt if he will come” su ma sun zauna. Amma in an kore ta, “that” ake sawa ko a bar wurin fayau: “I don’t doubt that she is honest”. Ƙamusun Turanci da Hausa zai ba ka shakka ko kokwanto ya tsaya nan, kuma ba laifinsa ba ne, aikinsa ke nan. Sai dai sanin cewa “doubt” shakka ce ba ya hana mutum rubuta “I am doubting on him”, wadda kuskure biyu ne a jimla ɗaya: ba a cika sa wannan aikatau a sigar ci gaba ba, kuma ba ya ɗaukar “on”. “I doubt him” ta wadatar, ko “I have my doubts about him”.

Babban ramin da masu Hausa ke faɗawa shi ne tsakanin “doubt” da “suspect”, saboda a bakinmu shakka da zato da zargi suna maƙwabtaka. A Turanci kuwa fuskarsu gabas da yamma ce. Wanda ya ce “I suspect he took the money” yana ganin mutumin ya ɗauki kuɗin. Wanda ya ce “I doubt he took the money” yana ganin bai ɗauka ba. Mai rubuta rahoton binciken kuɗin ƙungiya, in ya musanya su, ya wanke wanda yake nufin tuhuma, ko ya shafa wa mai gaskiya kashin kaji. Ƙamusun bai ajiye su kafaɗa da kafaɗa ya yi maka gargaɗi ba, amma in ka buɗe shafukan biyu ka karanta misalan, bambancin ba ya ɓoyuwa.

Haka “no doubt”. Kowa zai fassara ta da “babu shakka”, kuma nan ne ake yin tuntuɓe, don a bakin Bature ba ta kai babu shakkarmu nauyi ba. “No doubt you’ve heard the news” tana nufin ina jin dai ka ji labarin. In tabbaci ake so na gaske, sai a ce “without doubt”, ko “without a doubt”, ko “there is no doubt that”. Sashen nahawun shafin yana da bayani na musamman a kan wannan bambanci, gajere, da misalai, kuma yana cikin abubuwan da suka fi cancantar minti biyun mai karatu. “Apparently” ma tana yaudara. Tana kama da “apparent”, sai a ɗauka “a bayyane yake” take nufi, alhali a yawancin magana wai ɗinmu ce ko ga alama: “Apparently the meeting has been postponed”, wai an ɗage taron, ni dai ji na yi. Mai son cewa abu a fili yake, “obviously” ko “clearly” yake nema.

Sai “doubtful” da “dubious”. A Turancin Najeriya, in an ce mutum “dubious” ne, an gama da shi, ɗan damfara ake nufi. Ƙamusun yana da ma’ana kusa da wannan, ta abin da ba a yarda da gaskiyarsa ko ingancinsa ba, kamar “dubious claims”. Amma yana da ta biyu da ba kasafai ake jin ta a nan ba: “I’m dubious about his promises”, wato ni ne mai kokwanton alkawuransa. Wanda bai san wannan ba zai karanta jimlar ya ɗauka marubucin yana kiran kansa macuci. “Doubtful” kuwa ta fi karkata ga abin da da wuya ya faru: “It is doubtful whether the road will be finished this year”.

Rabin shakkar Turanci ba a cikin manyan kalmomi take ba, tana cikin ƙananan mataimakan aikatau: “may”, “might”, “could”, “must”, “can’t”, “should”. A nan sashen Grammar na shafin ne ke ɗaukar kaya, kuma mutane da yawa ba su ma san yana nan ba, suna tsayawa a akwatin neman ma’ana. Kowane mataimaki yana da shafinsa, da sigar korewa, da sigar tambaya, wasu kuma da jerin kurakuran da masu koyo suka saba yi a ƙarshe. Abubuwan da ya kamata a je a duba musamman su ne waɗannan. “May”, “might” da “could” duk suna nuna yiwuwa in jimlar ba korarriya ba ce, amma da an kore su sai su rabu: “He might not be at home” wataƙila ba ya gida, “He couldn’t be at home” ba zai yiwu a ce yana gida ba. “Can” tana faɗin abin da kan faru ne a al’ada, kamar “It can be very hot in Sokoto in April”, ba hasashen rana guda ba. Don haka “It can rain tomorrow” da ake yawan ji ba ta zauna ba, “It may rain” ko “It could rain” ake so. Ba a kuma buɗe tambayar yiwuwa da “may”. “May it rain today?” ba Turanci ba ce, a ce “Do you think it will rain?” ko “Is it likely to rain?”

“Must” ita ce ta fi cin ɗalibai a tambayoyin fassara ma’anar jimla irin na JAMB da WAEC. An koya mana ita a matsayin dole, sai aka manta tana da aiki na biyu, na hasashe mai ƙarfi. “He must have left” ba ta nufin an tilasta masa tafiya. Tana nufin lalle ya riga ya tafi, ga shi takalmansa ba sa nan. Kishiyarta kuma ba “mustn’t have” ba ce a Turancin Ingila, “can’t have” ce: “He can’t have left, his car is still outside”. Bayanin shafin a kan wannan a sarari yake, kuma ya fi na littattafan shirin jarrabawa da yawa da ake sayarwa a bakin makarantu, waɗanda kan ba da amsa ba tare da dalili ba. Akwai kuma ɗan shafi a kan “maybe” da “may be”. Gwajin mai sauƙi ne: in “perhaps” za ta iya maye gurbin, a haɗe ake rubutawa, in ba za ta iya ba, a rabe. “Maybe he is ill”, amma “He may be ill”.

Furuci ma an yi masa adalci. Kowace kalma tana da maɓalli biyu, na muryar Ingila da na Amurka, da rubutun sauti a gefe. Harafin b na “doubt” ba a furta shi, daut ake cewa, kamar yadda yake shiru a “debt” da “subtle”, kuma irin wannan yana fitowa a gwajin furuci na WAEC. “Sceptical” da sk take farawa. Wanda ya jefar da k ɗin a “sceptic” ya koma faɗin “septic”, ya mai da mai kokwanto ruɓaɓɓen ciwo. Amurkawa da k suke rubuta ta, “skeptical”, kuma shafin yana nuna duka biyun. Abin da ya fi shafar mu shi ne p. Sautin ba ya cikin Hausa a matsayin harafi mai zaman kansa, ga shi kuma kalmomin shakka sun cika da shi: “perhaps”, “probably”, “possibly”, “presumably”, “suppose”. Hanyar gyara ita ce a saurari muryar, a rufe leɓɓa ruf kafin a saki iska, a riƙe ’yar takarda a gaban baki. In p ɗin ta fita daidai a farkon “possibly”, takardar za ta motsa da bugu ɗaya, ba da hucin f ba. Shafin zai ba ka abin kwaikwayo, amma ba ya sauraron ka, don haka sai ka naɗi muryarka a waya ka gwada da tasa.

To, ina ya gaza?

Gazawa ta farko ita ce ba ya jera kalmomin bisa nauyinsu. A ƙarƙashin ma’ana akwai akwatin da suke kira SMART Vocabulary, wanda ke tara kalmomi da salon magana masu dangantaka da wadda ka nema. Ra’ayin yana da kyau, kuma nan ne mutum zai ci karo da irin su “up in the air”, abin da ba a yanke ba tukuna, da “touch and go”, halin da ake tsakanin tsira da hallaka, da “the jury is still out”, har yanzu ba a san gaskiyar lamarin ba. Amma jerin bisa haruffa yake, an zuba na kasuwa da na kotu da na tsofaffin littattafai wuri guda, kamar buhun gwanjo: akwai na kirki, sai dai ka zauna ka tsince. Ɗalibin da ya kwashi “iffy” daga nan ya sa a wasiƙar neman aiki ya yi ɓarna, domin kalmar hira ce. Alamar “informal” ko “formal” tana nan, amma sai ka buɗe shafin kalmar kanta za ka gan ta. Kada a ɗauki komai daga akwatin nan ba tare da an latsa shi ba.

Tsanin da mai koyo yake bukata, shi zai haɗa abinsa. A sama akwai “definitely”, “certainly” da “bound to”, daidai da tabbas da lalle. Ƙasa kaɗan “probably”, “likely” da “should”, inda zato ya rinjaya, kusa da “ina jin” da “da alama”. A tsakiya “maybe”, “perhaps”, “may”, “might”, wataƙilar da ba ta karkata ko’ina ba. Sai “possibly” da “conceivably”, mai yiwuwa dai amma kada a dogara. Daga nan “unlikely”, “doubtful” da “I doubt it”, wato da wuya. A ƙasa can “highly unlikely” da “no chance”. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar “probably” da “possibly” a matsayin tagwaye saboda duka ana fassara su da wataƙila. Likitan da ya ce “probably malaria” ya kusa yanke hukunci; wanda ya ce “possibly malaria” yana lissafa ta ne cikin abubuwan da za a gwada.

A wasu fannoni ma an ɗaura wa kalmomin nan lambobi, kuma ƙamus na gama-gari ba zai gaya maka ba. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, IPCC, ya ƙayyade cewa a rahotanninsa “likely” na nufin yiwuwar kashi 66 zuwa 100 cikin ɗari, “very likely” kashi 90 zuwa 100, “virtually certain” kashi 99 zuwa 100, “unlikely” kuma daga sifili zuwa 33. Mai fassara labarin fari ko ambaliya a yankin Sahel, in ya mai da “very likely” wataƙila, ya zubar da kusan duk nauyin maganar. Haka a shari’a. Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ta ce a sashe na 135 sai an tabbatar da aikata laifi “beyond reasonable doubt”, wato har ba sauran kokwanto mai ma’ana, a sashe na 134 kuma ƙarar da ba ta laifi ba ana yanke ta ne bisa “balance of probabilities”, wato ɓangaren da hujjarsa ta rinjaya. Ƙamusun zai ba ka ma’anar jimlar farko a layi ɗaya ko biyu, wanda ya isa mai karanta jarida, bai isa ɗalibin lauya ba.

Gazawa ta biyu: babu Hausa a cikin ƙamusoshinsa masu harshe biyu. Akwai Larabci, akwai Faransanci, wanda zai taimaki ’yan Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko da shi, amma Bahaushe zalla sai ya yi aikin da Turanci cikin Turanci. Illar ta fi fitowa a wai. Wai ɗinmu guda ɗaya ce, Turanci ya raba ta gida huɗu aƙalla. “Reportedly” rahotanni sun ce, ba tare da ɗaukar ɓangare ba. “Allegedly” ana zargi, ba a tabbatar a kotu ba, kuma ’yan jarida na sa ta ne don kauce wa ƙarar ɓata suna. “Supposedly” wai mai ɗauke da taɓe baki, mai faɗa bai yarda ba. “Apparently” kuma wai ta hira, ko abin da alamu suka nuna. Rubuta “He supposedly graduated in 2015” a takardar gabatar da baƙo cin fuska ne, ko da marubucin bai nufa ba. Ma’anonin shafin sun bambance su daidai, sai dai ba wanda zai ce maka ka je ka duba su huɗun tare. Don samun gadar farko daga Hausa, ƙamusun Turanci da Hausa na Roxana Ma Newman na 1990 ko tsohon na Neil Skinner suna da amfani; a fara da su a gane unguwar da kalma take, a dawo Cambridge a ga yadda ake sarrafa ta.

Na uku, Turancin Ingila da na Amurka yake wakilta, kuma yana nuna bambancinsu da kyau: “in two minds” da “a pinch of salt” na Ingila, “of two minds” da “a grain of salt” na Amurka. Abin da ba zai gaya maka ba shi ne yadda maganar ke sauka a kunne. Bature in ya ce “I’m not sure that’s right” ko “I wonder if we should wait”, sau da yawa ba shakka yake yi ba, ƙin yarda ne cikin ladabi, kamar yadda dattijo zai ce “to, a dai sake dubawa”. Shafin nahawu mai taken “Hedges”, wato shinge, kalmomin da ake sassauta magana da su, ya taɓo wannan, amma a taƙaice. Masu rubutun jami’a da masu shirin jarrabawar Turanci ta IELTS, waɗanda ke bukatar irin su “the results suggest that”, “this appears to”, “tends to”, za su fi samun biyan bukata a Academic Phrasebank na Jami’ar Manchester, sashen “Being cautious”, shi ma kyauta. A kula kuma da cika gishiri: “It may perhaps possibly suggest” ba taka-tsantsan ba ne, rashin abin faɗa ne. Shinge ɗaya a jimla ya isa.

Ta fuskar amfani da waya, sai da data. Ba ya aiki in babu sadarwa, kuma tallace-tallace suna cika allon ƙaramar waya, suna sa shafi nauyi inda sabis ba shi da ƙarfi. Misalan da ke can ƙasan shafi, waɗanda aka kwaso daga rumbun rubuce-rubuce da intanet, sukan yi tsauri, wasu daga muhawarar majalisar Birtaniya. Mai koyo ya tsaya a misalan sama da editoci suka tsara. Buɗe asusu kyauta ne, kuma yana ba da damar tara jerin kalmomi da yi wa kai gwaji a kansu.

Hanyar da ta fi ba da sakamako ita ce a fara daga Hausa. Ka rubuta abin da kake nufi: anya ce, ko da wuya, ko ina jin, ko wai? Ka zaɓi kalmar Turanci ɗaya da kake zato, ka buɗe shafinta, ka duba abu huɗu a jere: lambar mataki, alamar ko ta hira ce ko ta rubutu, ƙirar jimla da ɗan harafin da ke bin ta, sannan misalai biyu na farko. Ka rubuta taka jimlar a kan abin da ya shafe ka, farashin masara ko ranar biyan albashi, ka sauya kalmar da ta sama da ita a tsani da ta ƙasa da ita, ka ga yadda ma’ana ke motsi: “Salaries will probably be paid on Friday”, “may be paid”, “are unlikely to be paid”. Kalma biyar a mako ta wannan hanya ta fi hamsin da aka haddace daga jeri. Anya kuwa, kada a wahalar da kai neman ta a kalma guda, gwargwadon wanda ake magana da shi, “Are you sure?” ce, ko “I doubt it”, ko “Really?” da ɗaga murya, in kuma shugaba ne a wurin aiki, “I’m not entirely convinced”.